Na'urar da Ke Karanta Ƙwaƙwalwa: Za Ta Iya Tayar da Hannun da Ya Shanye?

Kwanakin baya ƙanwata ta turo min wani bidiyo a WhatsApp. Wani Bature ne a kan keken guragu yana buga gem a kwamfuta, hannunsa bai taɓa komai ba. A ƙasa ta rubuta: "Yaya, wannan abin na Elon Musk ba za a iya sa wa Kawu ba?"

Kawunmu tela ne. Shekara biyu ke nan da hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo daidai gwargwado, yana takawa da sanda. Amma hannun da ya shekara talatin yana riƙe almakashi har yau a dunƙule yake.

Ni ba likita ba ne, rubuta manhaja ce sana'ata. Amma tambayar ta sa na zauna na bi diddigin wannan fasaha, kuma na gano cewa yawancinmu muna cakuɗa abubuwa biyu. Akwai na'urar da ke zagaye wurin da ya lalace ta yi wa mutum aikin. Akwai kuma wadda ke koya wa ƙwaƙwalwa ta sake yin aikin da kanta. Ta farko ce ke tashe a TikTok. Ta biyu ce ta shafi irin su Kawu. Kafin ka fahimci ta biyun, sai ka san yadda ƙwaƙwalwa ke gyara kanta.

Ƙwaƙwalwa ba fanel ɗin waya ba ce

Idan layi ya ƙone a fanel ɗin wayarka, shi ke nan, sai mai gyara ya haɗa shi da hannu. Fanel ba ya nemo wa kansa sabuwar hanya. An daɗe ana zaton ƙwaƙwalwar baligi ma haka take, wato da zarar mutum ya girma layukanta sun daskare.

A cikin kanka akwai ƙwayoyin jijiya, waɗanda ake kira niyuron, kimanin biliyan 86. Kowace tana haɗe da dubban 'yan'uwanta, suna miƙa wa juna saƙo ta hanyar ɗan ƙaramin lantarki da sinadarai. Waɗannan mahaɗai ba su tsaya cik ba. Wanda ake yawan amfani da shi yana ƙara ƙarfi, wanda aka bari yana raunana, kamar hanyar ƙafa a gona da damina: wadda ake bi ta fito fili, wadda aka daina bi ciyawa ta rufe ta. Wannan shi ne abin da masana ke kira niyuroplastisiti. A wannan rubutu zan riƙa kiransa sassauyawar ƙwaƙwalwa.

A 1949 wani masani ɗan Kanada, Donald Hebb, ya kawo ƙa'idar da har yau ake gini a kanta: idan niyuron ɗaya tana yawan tayar da wata, mahaɗin da ke tsakaninsu zai ƙara ƙarfi. Gwaje-gwajen ƙarshen shekarun 1990 sun nuna cewa lokaci ne ke yanke hukunci. Dole saƙonnin biyu su zo kusa da juna ƙwarai, tazarar da ba ta kai ƙiftawar ido ba. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Hujjoji sun biyo baya. A shekarun 1980 Michael Merzenich ya nuna cewa idan biri ya rasa yatsa, gurbin yatsan a ƙwaƙwalwa ba ya zama kango, maƙwabtan yatsu ne ke mamaye shi. A 2000 Eleanor Maguire ta duba direbobin tasi na Landan, waɗanda sai sun haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi, ta tarar ɓangaren ƙwaƙwalwarsu mai adana taswira ya fi na sauran mutane girma.

Kai ma abin ya shafe ka. A ƙarshen 2014 masu bincike a birnin Zurik na Suwizalan sun fitar da sakamakon gwajin mutum 37. Mutum 26 suna amfani da waya mai shafawa, 11 kuma da tsohuwar waya mai maɓallai. Ƙwaƙwalwar masu shafa sikirin ta fi amsawa da ƙarfi idan aka taɓa babban yatsansu da na kusa da shi. Wato duk wannan gungurawa da kake yi tana barin sawu a kanka.

Abin da ke faruwa idan ɓarin jiki ya shanye

Shanyewar ɓarin jiki tana zuwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin da jini bai kai gare su ba sai su mutu, kuma waɗanda suka mutu ba sa dawowa. Hannun Kawu lafiyarsa ƙalau, tsokoki da ƙashi suna nan. Umarni ne ba ya isowa.

To yaya wasu ke warwarewa? Ƙwayoyin da suka tsira a gefen wurin, da wasu hanyoyi da a da ba su da wani babban aiki, su ne ke karɓar nauyin. Wannan ya fi sauri a watanni uku na farko, sannan ya riƙa raguwa, amma ƙofar ba ta rufewa gaba ɗaya.

Sai dai ba kyauta yake zuwa ba. A 1996 Randolph Nudo ya yi gwaji da birai masu ƙaramin rauni a gurbin hannu na ƙwaƙwalwa. Waɗanda aka bari haka nan, gurbin hannun ya ƙara tsukewa, har da wuraren da raunin bai taɓa ba. Waɗanda aka sa suna ta ɗaukar ƙananan ƙwayoyin abinci da hannun, gurbinsu bai zube ba.

Wani masani, Edward Taub, ya lura da abin da kowa ya gani a gida: mutum ya gwada hannun sau ɗaya, sau biyu, ya kasa, sai ya koma amfani da mai lafiyar. Daga nan ƙwaƙwalwa ta koyi mantawa da mai ciwon. Maganin da ya ƙirƙira shi ne a sa wa hannu mai lafiya safa mai kauri, a tilasta wa mai rauni aiki na sa'o'i a kullum. Wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2006 da marasa lafiya 222 ya nuna cewa mako biyu na wannan horo yana kawo ci gaban da ke ɗorewa har bayan shekara.

Ga inda gizo ke saƙar. Wannan horo yana buƙatar mutum ya iya ɗan buɗe yatsu ko kaɗan ne. Wanda hannunsa ba ya motsi sam, me zai maimaita? Yana yin niyya, babu abin da ke faruwa, ƙwaƙwalwa ba ta samun amsa, don haka ba ta da abin da za ta ƙarfafa. A wannan giɓi ne na'ura ke shigowa.

Yadda mahaɗin ƙwaƙwalwa da kwamfuta ke aiki

Sunansa a taƙaice BCI. Ba sabon abu ba ne. Likitan Jamus Hans Berger ya fara naɗar lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan'adam a 1924, kuma Jacques Vidal na jami'ar UCLA ya yi amfani da sunan tun 1973. Matakai huɗu ne: a ɗauko siginar, a tace hayaniya, manhaja ta fassara abin da mutum ke nufi, sai a mayar da shi aiki, kamar motsa kibiyar kwamfuta ko buɗe hannu.

Ƙananan bakunan da ke ɗauko siginar ana kiransu ilektirod, kuma inda aka ajiye su shi ne babban bambanci. Ɗauki misalin gidan kallon ƙwallo. Idan kana waje, za ka ji ihu ka san an ci, amma ba za ka ji hirar kowa ba. Wannan shi ne EEG, hular da ake sawa a kai ba tare da tiyata ba. Idan ka leƙa ta taga, za ka fara rarrabe 'yan wannan benci da na wancan. Wannan shi ne shimfiɗa ilektirod a saman ƙwaƙwalwa, ƙarƙashin ƙoƙon kai. Idan kuma ka shiga ka zauna a tsakiyarsu, za ka ji maganar mutum ɗaya-ɗaya. Wannan shi ne dasa su a cikin ƙwaƙwalwar kanta. Gwargwadon kusantarka, gwargwadon tsabtar siginar, gwargwadon kuma haɗarin tiyata.

Kada ka ɗauka tunani take karantawa kamar yadda kake karanta saƙo. Ana ce wa mutum ya yi niyyar motsa hannu dama, ana naɗa. Hagu, ana naɗa. A maimaita sau da yawa har manhaja ta gane salon kowanne. Duk wanda ya taɓa horar da ƙaramar manhajar ƙirƙirarriyar basira ya san wannan aiki.

Nau'i na farko: mai zagaye rauni

A 2004 aka dasa wa Matt Nagle, wanda ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, wani ɗan faranti mai faɗin milimita huɗu a ƙarƙashin shirin BrainGate, ya motsa kibiyar kwamfuta da niyya kaɗai. A 2012 aka wallafa labarin Cathy Hutchinson, wadda ta kusa shekara 15 a shanye, ta sarrafa hannun mutum-mutumi ta kai kwalbar kofi bakinta.

A 2023 tawagar Edward Chang ta jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ta shimfiɗa ilektirod 253 a ƙwaƙwalwar Ann Johnson, wadda ta rasa magana tun 2005. Na'urar ta riƙa fitar da kalmomi 78 a minti ɗaya, kusan rabin saurin hira ta yau da kullum, kuma an kwaikwayo muryarta daga bidiyon aurenta.

Wanda ƙanwata ta gani shi ne Noland Arbaugh. Kamfanin Neuralink ya dasa masa na'ura a Janairun 2024, mai ilektirod 1,024 a jikin zare 64. Kamfanin Synchron kuwa ba ya buɗe ƙoƙon kai, ta jijiyar jini ta wuya yake tura tasa. A 2025 Apple ya sanar da tsarin da zai sa iPhone da iPad su karɓi irin wannan na'ura kamar yadda suke karɓar kibod ko linzamin kwamfuta, kuma an nuna wani mai cutar ALS, wadda ke kashe jijiyoyin motsi sannu a hankali, yana sarrafa iPad da na'urar Synchron.

Duk wannan babban al'amari ne ga wanda ya rasa hanyar magana da iyalinsa. Amma lura: idan aka kashe na'urar, jikin yana nan yadda yake. Hannun Noland bai tashi ba. Kwamfuta ce ta zama hannunsa.

Nau'i na biyu: mai koya wa ƙwaƙwalwa

Idan kana zaune shiru, sashen motsi na ƙwaƙwalwarka yana fitar da wani kaɗawa mai zagayowa kamar sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa. Da ka motsa hannu, ko ka yi niyyar motsa shi kawai, sai kaɗawar ta ragu. Hular EEG tana iya kama wannan raguwa, har a wajen mutane da dama da hannunsu ya shanye.

Ga dabarar. A ɗaura wa hannun wata na'ura mai injin buɗe yatsu. Mutum ya yi niyyar buɗe hannu, kwamfuta ta kama niyyar, nan take injin ya buɗe yatsun. Ido ya gani, jijiyoyin fata da gaɓoɓi su aika saƙo sama cewa hannu ya motsa. Niyya da amsa sun haɗu a lokaci guda, wato ƙa'idar Hebb da muka ambata. A maimaita sau ɗaruruwa, sai hanyoyin da suka tsira su fara ƙarfafa.

An gwada wannan a jami'ar Tubingen ta Jamus, aka wallafa a 2013. Mutum 32 ne da suka daɗe da shanyewa, ba sa iya buɗe yatsu. Rabi, injin yana motsi ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta yi niyya. Ɗaya rabin, injin yana motsi ba tare da la'akari da niyyarsu ba. Duka sun samu gashi da motsa jiki iri ɗaya. Rukunin farko ne ya samu ci gaba na zahiri, kimanin maki uku a ma'aunin da likitoci ke auna motsin hannu. Ba yawa ba ne, amma ya nuna cewa motsa hannu da inji kawai bai isa ba. Daidaituwar lokaci ita ce maganin.

A Afrilun 2021 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da IpsiHand na kamfanin Neurolutions, na'ura irin wannan da ake amfani da ita a gida: abin sawa a kai, abin ɗaurawa a hannu, da tablet. Babu tiyata.

Masu raunin laka ma an ga alamu. Masu kallon ƙwallo za su tuna buɗe gasar cin kofin duniya ta 2014 a Birazil, inda wani matashi da ƙafafunsa suka shanye, Juliano Pinto, ya taɓa ƙwallo sanye da ƙarafunan da ƙwaƙwalwarsa ke sarrafawa. Abin da ya fi wannan muhimmanci ya fito a 2016. Mutum takwas na wannan shiri na Miguel Nicolelis, bayan shekara guda na horo, sun fara jin taɓi da ɗan motsi a ƙasan inda suka ji rauni, har aka sauya wa rabinsu matsayi daga cikakkiyar shanyewa zuwa wadda ba cikakkiya ba.

Sai Gert-Jan Oskam, ɗan ƙasar Holan da ya yi haɗarin keke a ƙasar Sin a 2011. Tawagar Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch a birnin Lozan na Suwizalan ta dasa masa na'urori biyu a ƙoƙon kai da wata a kan laka, suna magana da juna ba waya. Ya yi niyyar takawa, saƙon ya tsallake wurin rauni, ƙafa ta ɗaga. A rahoton 2023 an bayyana cewa bayan watanni na horo, yana iya takawa da sanduna ko da an kashe na'urar. A nan nau'o'in biyu suka haɗu: gadar da aka gina ta zama makaranta.

Abin da bidiyo ba ya nuna maka

Yawancin waɗannan labarai na mutum ɗaya ne ko 'yan ƙalilan, zaɓaɓɓu, da tawagar injiniyoyi a bayansu. Makonni bayan tiyatar Noland, mafi yawan zarurrukan sun janye daga ƙwaƙwalwarsa, sai da aka sake fasalin manhajar kafin aikin ya dawo. Jiki kuma yana gina tabo a kewayen duk baƙon abu, siginar ta riƙa raunana. A ɓangaren hular EEG, an kiyasta kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na mutane ba sa iya sarrafa ta yadda ya kamata.

Akwai matsalar da mu masu waya muka sani: ranar da kamfani ya daina tallafa wa kayansa. Kamfanin Second Sight ya dasa wa makafi sama da 350 na'urar ido, sannan ya daina ƙera ta a 2019, ya kusa durƙushewa a 2020. Waya ce za ka sauya. Abin da ke cikin idonka fa? Haka batun bayanai: ƙasar Chile ta sa kariyar bayanan ƙwaƙwalwa a kundin tsarin mulkinta a 2021, domin wanda ya riƙe su ya riƙe abu mai nauyi.

Sai harshe. Na'urorin magana suna dogara ne da manhajar da ke hasashen kalma ta gaba, irin ta kibod ɗin wayarka, kuma fitattun gwaje-gwajen nan da Turanci aka yi su. Hausa tana da karin sauti da tsawon wasali masu sauya ma'ana, ka duba "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa. Kafin irin wannan na'ura ta yi Hausa, sai an tara rubutu da muryoyin Hausa masu yawa da tsabta. Wannan aiki ne da masu rubuta manhaja a cikinmu za su iya sa hannu tun yau.

Kuma ka yi hattara da 'yan ƙananan na'urorin ɗaurawa a goshi da ake tallatawa a intanet don natsuwa ko barci. Ba kayan jinyar shanyewar jiki ba ne.

Abin da ke hannunmu yanzu

Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da Kano da Zariya, ya nuna cewa hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba a abubuwan da ke jawo wannan ciwo, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda ya kama ba su kai shekara 50 ba. Na'urar awon jini ta gida ba ta kai kuɗin wayar da ke hannun yawancinmu ba. Ka saya wa gida, ka riƙa auna iyaye, ka auna kanka.

Ka san alamun: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, magana ta harɗe, duk farat ɗaya. Sau da yawa akan tsaya ana cewa iska ce, a kwana a gida. An kiyasta cewa idan babbar jijiya ta toshe, niyuron kusan miliyan biyu ke mutuwa a kowane minti, kuma allurar narkar da gudan jini tana da amfani ne a cikin sa'o'i huɗu da rabi na farko. A nufi babban asibiti kai tsaye. Duk ƙwayar da aka ceto a ranar ita ce za ta karɓi aiki gobe.

Bayan an sallamo mara lafiya, maimaitawa ce jari. Wani bincike na 2009 a Amurka da Kanada ya ƙirga cewa a zama ɗaya na horon hannu, mara lafiya yana maimaita aiki kusan sau 32 ne kawai, alhali dabbobin gwaji suna yin ɗaruruwa a rana. Zuwa sashen gashi sau ɗaya a mako ba zai cike wannan giɓi ba, sai an ci gaba a gida. A nan wayarka za ta yi aiki: ka nemi izinin likitan fisiyo ka ɗauki bidiyon atisayen da ya koyar, ka saita ƙararrawa, ka riƙa rubuta adadin da aka yi kullum, ka ɗauki ɗan bidiyo duk mako don a ga bambancin da ido ba ya kamawa. Kada ka ƙirƙiro atisaye da kanka, kuma kada a ja kafaɗar da ta saki, tana saurin gocewa.

Amsar da na ba ƙanwata ita ce: na'urar Neuralink ba ta Kawu ba ce, ba don buɗe hannu aka yi ta ba. Wadda ta dace da irin larurarsa ita ce mai hula da abin ɗaurawa a hannu, ita ma ba ta aiki sai da niyya da maimaitawa, kuma waɗannan biyun muna da su a gida. Mun koma wajen likitan fisiyo, ya rubuta mana abin da za a riƙa yi. Yanzu bayan la'asar ita ce ke zama da Kawu tana ƙirga masa, ni kuma na haɗa musu 'yar manhaja mai maɓalli ɗaya da ke adana lissafin kowace rana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.